Hoto na Goma Sha Bakwai

A Valparaíso, inda gidaje ke hawa kafaɗun juna
don su leƙi teku,
nake da ɗaki ɗaya, fitila biyu,
da labule ruwan toka da na gada wurin kawuna.
Shekara tara ina ɗaukar karnuka da masu su.
Aljihun dama yana ƙaurin soyayyen nama,
na hagu, usur ne a ciki.

Wahalar aikin duk ta mutum ce.
Kare bai taɓa tambayata ko hancinsa ya yi girma ba.
Doña Ercilia kuwa sai ta haɗiye tumbi,
ta ɗaga haɓa, ta ce in rage mata shekara goma,
ɗan mitsitsin karenta cikin rigar sanyi ja irin tata
ya zaɓi lokacin ya wage baki da hamma.
Akwai wasu biyu da aure ya mutu,
suka zo da kare ɗaya da igiya biyu,
kowa ya zauna a nasa gefen benci
suka ce in wanke kala biyu,
tunda shi dai ba ya rabuwa.

Nibaldo ya zo ran Talata, ana yayyafi.
Masunci ne, hannunsa duk sawun ƙugiya.
Matakala casa'in da shida ya hawo
da karya saɓe a wuya kamar ɗan rago.
Ya sha guga, karin rigar har yana yanka,
ƙarnin kifi dai bai bar shi ba.
Sunanta Canela, ya ce, yana haki.
Furfura ta cinye mata baki,
idon hagu ya yi fari kamar an ɗiga nono.
Likita ya ce Alhamis.
Ban tambaye shi Alhamis me ba.

Na shimfiɗa bargo. Na ce ya durƙusa ta dama,
hannu ɗaya a ƙirjinta, kar ya danne kunne,
ya sassauta kafaɗa, ba ofishin 'yan sanda ya zo ba.
Na busa usur. Ko gezau.
Na ɗora nama a kan kyamara,
na yi kukan kyanwa, na yi na agwagwa,
ni da girmana, ina rarrafe a ƙasa.
Sau goma sha shida na danna,
sau goma sha shida ƙeyarta na samu,
don duk inda aka juya ta
sai ta komo da ido ɗayan nan kan fuskarsa.

An ce ido wa ka raina, wanda kake gani kullum.
Wanda ya faɗa bai ga Canela ba.

Dubi can mana, ya ce da ita, dubi mai hoto,
kuɗi fa na biya.
Muryar ta karye a kan kuɗin.
Ya sunkuya don ya gyara mata wuya,
ita kuma ta miƙo harshe
ta lashe abin da ke gangaro masa gefen hanci.
Yatsana ne ya danna, ban aike shi ba.

Hoton ya karkace.
Jelarta ta zama hazo, ta ƙi tsayawa,
rabin gwiwarsa ya fita daga ciki,
har ƙafar fitilata ta leƙo daga kusurwa.
Da kawu na raye, da ya yaga shi.

Ran Asabar ya dawo shi kaɗai.
Matakalar ba ta sa shi haki ba,
amma a bakin ƙofa ya tsaya ya riƙe ta a buɗe
ɗan lokaci, kamar mai jiran wani ya shige.
Na baje masa duka goma sha bakwai.
Ya goge hannu a wando, ya ɗauki karkataccen,
ya sa cikin riga, ta ciki, saboda ruwan sama.

Da zan share ɗaki da yamma
na ga gashinta ja-ja a jikin bargo.
Na ninke shi haka nan.
Gobe da safe Doña Ercilia za ta dawo,
wai hancinta ya yi girma.